Randar Ummulkhairi

Ni tela ne, kuma duk wanda ya yi zaman tela ya san rabin aikinmu ɗinki ne, rabi kallon hanya. Shagona yana unguwar Magajiya, ƙofarsa na duban ƙofar gidan Daso, tun garin nan yana amsa sunan Abuja, kafin a ɗauke sunan a kai wa babban birni a bar mu da Suleja. Saboda haka in na ce na san matar nan, ba jita-jita nake kawo muku ba. A kan idona ta yi yawancin abin da zan faɗa, saura kuma da bakinta ta gaya mini.

Daso gajeriya ce, ƙanƙanuwa, mai saurin tafiya da saurin baki. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata gida, ta sa 'yan haya a ɗakunan gaba, ita kuma tana yin daddawa tana sayarwa. Ba mace ce mai fara'a ba, kada in yi mata ƙarya don ba ta da rai. In ka gaishe ta ta amsa, ka gode wa Allah. In ka tsaya jan gaisuwa sai ta tambaye ka ko ba ka da aikin yi ne. Amma duk wanda ya taɓa bin hanyar nan da ƙishi ya san ta, saboda randar da ke ƙofar gidanta.

Randa ce ƙatuwa a gindin ceɗiya, an binne ta har ƙugu a cikin yashi, an rufe bakinta da faifai, ga moɗa ɗaure da igiya a gefe. Jikinta ya yi kore da gansakuka, kullum a jiƙe yake. Ruwanta kuwa in ka kurɓa da tsakar rana sai ka ji shi har cikin haƙoranka. Matan Gwari masu shigowa da itace a kafaɗa nan suke sauke kaya su sha, haka Fulani, haka 'yan kamasho, haka mai shirin kama hanyar Gawu a ƙafa. Ba a biya, ba a neman izini, kuma ba a godiya, don in ka yi godiya Daso za ta ce ba ita za ka gode wa ba.

Kowa yana ce mata randar Ummulkhairi, amma ba kowa ya san dalili ba. Ummulkhairi 'yar Daso ce, ita kaɗai Allah Ya ba ta. Tana shekara bakwai ƙyanda ta kama ta. A zamanin nan manya sun ce ba a ba mai ƙyanda ruwan sanyi, wai yana mai da ƙurajen ciki. Yarinya jikinta kamar garwashi, leɓɓanta sun tsattsage, ba abin da take cewa sai "Inna, ruwa." Daso tana da ƙuruciya, ga tsofaffin gida sun kewaye ta, sai ta bi maganarsu, tana ɗiga mata jiƙo mai ɗumi kaɗan-kaɗan. Da kalmar nan a bakinta yarinyar ta cika. Bayan sadakar arba'in Daso ta tafi ƙauyen magina tukwane ta sa aka gina mata randar da ta fi kowace girma, ta kafa ta a ƙofar gida, ladan na 'yarta. Sau ɗaya tak ta ba ni wannan labari, ranar da ta kawo mini zane in kalmashe mata baki, kuma ba ta dube ni ba har ta gama.

Wajen shekara talatin randar nan ba ta wayi gari a bushe ba. Daga kogin Iku ake ɗebo ruwan, jawur da shi in damina ce. Daso ta zuba shi a babbar ƙwarya, ta ɗauko alif, farin dutsen nan mai bauri, ta zagaya da shi cikin ruwan sau biyu ko uku ta cire. Kafin a jima sai ka ga laka ta dunƙule tana sauka, ta kwanta a ƙasa, ruwa ya tsaya garai-garai a sama. Shi take tsiyayewa cikin randa. Da wannan take alfahari, takan ce mai shan ruwanta yana iya ƙirga yashin da ke gindin moɗa, in da akwai yashin.

Sai shekarar amai da gudawa ta zo, farkon shekarun saba'in, da bazara. Ciwon nan da ake kira kwalara bai san sabo ba. Mutum ya fito kasuwa da safe lafiya lau, la'asar ta yi masa a kwance, idanu sun zurma, fata ta yamutse. Tsoro ya shiga gari, har aka rage musabaha a ƙofar masallaci.

Wata ranar Litinin da hantsi sai ga Malam Tanimu duba-gari, jami'in da ke leƙa gidaje yana duba tsafta, da kakinsa da kekensa. Saurayi ne mai ladabi, ba irin masu shigowa suna buɗe tukwanen mutane da sanda ba. Ya jingine keke ya yi sallama, Daso ta fito tana goge hannu.

"Inna, barka da hantsi."

"Barka kadai. Masaina a rufe yake, kwatata a share. Me kuma?"

"Randar nan na zo gani, Inna."

Na tsayar da keken ɗinki na kasa kunne, don na san za a yi ta. Ya gaya mata cewa mata biyu daga cikin masu kawo itace sun kamu, ɗaya ta rasu a hanyar asibiti, kuma dukansu a nan suke sha. Ya ce, "Ban ce a nan suka ɗauka ba, Allah kaɗai Ya sani. Amma dubi moɗar nan. Ta faɗi ƙasa a ɗauka a mayar, mai lafiya ya tsoma hannu, wanda ciwon ya fara ci ya tsoma. Mutum ɗaya ya isa ya ɓata wa ɗari."

Daso ta ɗaga faifai ta ɗebo ruwa ta kai masa har hanci. "Duba nan, ɗan nan. Ka ga wani abu a ciki?"

"Ban gani ba, kuma ba zan gani ba. Alif laka yake tarawa ya kwantar. Abin da ke kawo ciwon nan ya fi ƙarfin ido, ba shi da launi, ba shi da wari, ba ya kwantawa. Ruwa ba ya ƙin baƙo, Inna, duk abin da aka ba shi sai ya karɓa ya ɓoye. Wuta kaɗai ke kashe wannan, sai ruwa ya tafasa yana juyawa. Ita kuma randar, jikinta ya sha ruwa shekara da shekaru, ba a iya wanke cikin yumɓu. Dole a fasa ta, don in an bar ta wani zai sake cika ta."

Na ɗauka za ta wanke shi tas, don na ga ta kori mai karɓar haraji da tsintsiya. Sai ta mai da moɗar a hankali, ta zauna a kan tushen ceɗiya. Can ta ce, "Wato sadakar da nake wa 'yata, wataƙila ita ke kashe 'ya'yan mutane." Malam Tanimu ya sunkuyar da kai. Wallahi tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Ba ta daɗe a zaune ba. Ta miƙe ta ce, "In na dafa ruwan, na zuba a abin da hannu ba ya shiga, za ka bar ni in ci gaba?"

"Zan bar ki, Inna, har ni ma in sha."

"To, ba ni zuwa Juma'a ta sama. Kuma kada kowa ya taɓa mini randa kafin nan."

Ran nan ta kwashe ruwan, ta tono randar ta kife ta a gindin bishiya. Kashegari tukunyar dafa kalwa ta koma ta dafa ruwa, sana'ar daddawa ta tsaya. Ta samo garwa mai murfi ta wanke, ta cika da dafaffen ruwa, ta kafa kujera a ƙofar gida ta zauna da kanta, ita ke zubawa. Nata'ala ɗan kamasho ne ya fara zuwa, mutumin da bakinsa ba ya da linzami. Ya kurɓa, ya furzar, ya ce, "Haba Daso! Haihuwa muka yi da za ki ba mu ruwan jego?" Aka kwashe da dariya, ita kuwa ta bi shi da harara har ya sha kwana.

Gaskiya Nata'ala bai yi ƙarya ba. Ruwan ga ɗumi, ga ƙaurin hayaƙi, ga shi salam a baki kamar an zare masa rai. Matan itace suka zo, suka ɗanɗana don kunya, suka ɗauki kayansu. Abin da ya ƙona wa Daso rai shi ne inda suka nufa. Gangarawa suka yi Iku, suka durƙusa suna sha da hannu a inda ake wanki. Ta bi su har bakin kogi tana faɗa, suna ba ta haƙuri suna sha. Ta dawo tana haki ta tsaya a ƙofar shagona ta ce, "Almu, na hana su randa na tura su kogi. In ban gyara ruwan nan ba, na ƙara ɓarna ne kawai."

Tun daga ranar ni aka mayar zakaran gwajin dafi. Ina tsakiyar sa wa riga aljihu sai in ga ƙoƙo a gabana, "Sha ka gaya mini, kuma kada ka yi mini ƙarya." Ƙaurin hayaƙi bai ba ta wuya ba, murfi mai kyau ta samo wa tukunya, ta daina hura ɗanyen itace. Salam ɗin ne ya tsaya mata a rai. Ta tsugunna gaban murhu tana kallon ruwa kamar mai jiran baƙo, har ta lura cewa tun kafin ya tafasa, tun ana iya tsoma yatsa, wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi suke fitowa su manne a jikin tukunya, sannan su tashi su fashe. Ta tare Malam Tanimu a hanya ta tambaye shi mene ne wannan. Ya ce iska ce. Ruwan kogi da na rijiya akwai iska narke a cikinsu, zafi ke korar ta, kuma rashinta ne harshe yake ji.

"Iska ce kawai?" in ji Daso. "Ai iska ba a saye."

Ta ɗauraye ƙore biyu da tafasasshen ruwa, ta bar dafaffen ya huce, ta shiga sheƙa shi daga wannan zuwa wannan, tana ɗaga hannu sama kamar mai sheƙar gero, ruwa na zuba yana kumfa. Ta yi ta yi har kafaɗarta ta gaji, ta miƙo mini. Na sha na ce, "Gwaggo, ya farfaɗo. Saura sanyi." Ta ce ita ma ta sani, ba sai na koya mata ba.

A nan Morenike ta shigo cikin maganar. Bayarabiya ce 'yar haya a gidan, Kirista, tana da tebur na sabulu da ashana da gwangwanaye, kuma tana ƙaunar Daso kamar uwarta duk da faɗan da suke sha a kan shanya. Ita ta raka ta kasuwa suka sayo tuluna sababbi masu ƙaramin baki, waɗanda hannu ba ya shiga. Da suka dawo sai Morenike ta fito da ragowar farin fenti na mai, wanda mijinta ya shafe ƙofa da shi.

"Mama, ka bari mu shafa masa," in ji ta da Hausarta. "Zai yi fari kamar na asibiti. Duba-gari ya gani, ya san akwai tsafta. Wannan kore-kore ba zai fito ba kuma."

Daso ta ga magana ce mai ma'ana, ni ma da aka tambaye ni na ce ya yi. Suka shafe tulunan tas, suka bushe suna ƙyalli, duk wanda ya wuce sai ya yaba. Aka cika su da yamma aka jera a inuwa. Washegari da azahar aka miƙo mini ƙoƙo, na kurɓa, na ji kamar an ɗebo daga buta da aka manta a rana. Garin gyaran gira an rasa ido. Morenike ta ɗora hannu a ka tana cewa, "Mama, no vex, Mama yi haƙuri," Daso kuwa ko kallonta ba ta yi ba, tulunan take zagayawa tana neman inda laifin yake.

Ranar kasuwa sai ga Laraba, maginiyar tukwane daga wani ƙauyen Gwari da ke bayan duwatsu. Uwarta ce ta gina tsohuwar randar, kuma duk shigowarta gari a nan take hutawa. Ta sauke kayanta, ta dubi randa a kife, ta dubi fararen tuluna, ta shafa ɗaya da tafin hannu ta duba hannun. A bushe yake.

"Wa ya sa wa tulu riga?" ta tambaya.

Aka gaya mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce da irin tata Hausar, "Daso, kai da ka daɗe da randa! Tulu sai ya yi zufa. Yumɓu yana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana fitowa kaɗan-kaɗan, iska ya lashe, ya tafi da zafi. Kamar mutum ya fito wanka iska ya buge shi, ba ya jin sanyi? Kun toshe masa jiki, ina zafi zai bi ya fita?"

Daso ta dubi tsohuwar randar da jikinta da bai taɓa bushewa ba sai wannan makon. Ta ce shekara talatin tana share wannan jiƙar tana ganin ɓarnar ruwa ce, ashe ita ce aikin. Sai ta tambayi Laraba ko za ta iya gina mata babba, mai baki ƙarami da murfi, da ɗan bututu a ƙasa wanda za a toshe da itace, yadda ruwa zai zubo ba tare da an tsoma komai ba. Laraba ta ce za ta iya, amma babban abu irin wannan yana son tsingaro da yawa. Su magina sukan daka fasassun tukwane su zama gari su cuɗa da sabon yumɓu, shi ke hana tsagewa a wuta, shi ke sa tulu ya yi zufa da kyau. Kuma tsingaron tsohuwar tukunya da ta gasu sosai ya fi kowane.

Ban ga lokacin da shawarar ta shiga zuciyar Daso ba, amma na ga idonta ya koma kan randa ya tsaya.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Malam Tanimu ya zo kamar yadda aka yi alkawari, da wani lebura riƙe da guduma. Mutane suka taru. Daso ta fito da taɓarya a hannu ta ce wa leburan ya matsa. Ta tambayi duba-gari, "Abin da ya shiga wutar magina ya fito, akwai sauran ciwo a jikinsa?" Ya ce babu, wutar nan ta fi ta murhu nesa ba kusa ba. Ta yi bisimilla ta ɗaga taɓarya. Bugun farko randar ta yi ƙara kawai ba ta fashe ba. A na biyu ta rabe. Daso ta ci gaba da bugu, hawaye na zuba, ba ta share ba, ba ta kuma tsaya ba sai da ta mai da ita ƙanana. Ta durƙusa ta tsince tsingaron kaf, har 'yan ɓarɓashin da suka shiga yashi, ta ƙulle a tsohon zane. 

Ni na ɗora ƙullin a bayan kekena, ita tana tafe a ƙafa, don ta ce ba ta hau keke da ƙuruciya ba balle yanzu. A ƙauyen ita ta daka tsingaron a turmi da hannunta. Laraba ta raba garin biyu, ta ajiye rabi, ta cuɗa rabi da yumɓu, ta gina tulu tana zagaya shi da baya-baya kamar yadda suke yi. Ya fito kyakkyawa, ya kai ƙirjin mutum. Ta ce sai ya bushe a inuwa a hankali, kuma babba irin wannan yana ɗaukar lokaci.

Lokacin ne Daso ba ta da shi, ko kuwa haka take gani. A gida tana fama da ƙananan tuluna marasa fenti da ta sake samowa, ruwan yana ɗan yin sanyi amma kafin azahar ya ƙare, masu ƙishi su wuce kogi. Kowace jana'iza ta wuce ta ƙofar gidan sai ta ƙirga ta a kanta. Ta dinga zarya ƙauyen tana matsa wa Laraba. Ta ƙwanƙwasa tulun ta ce ya bushe, Laraba ta ce bayansa ne ya bushe, cikin naman yumɓun da saura. Daso ta nace, ta yi fushi, ta yi magiya, har Laraba ta gaji ta sa shi cikin gashin da za a yi. Aka jibga itace da ciyawa aka cinna wuta. Wuta na kamawa sosai sai aka ji fam! Ruwan da ya rage a cikin yumɓu ya zama tururi, ya nemi hanya bai samu ba, ya tarwatsa tulun, har ya fasa wa Laraba tukwane biyu da ke kusa.

Da yamma ta dawo, ƙafafu duk toka, ta zauna a bencin shagona, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ce, "Gwaggo, ki haƙura haka nan. Ƙananan ma sadaka ce, Allah Ya ga niyya." Ta ce, "Allah Ya gani, amma masu ƙishi kogi suke zuwa. Saura rabin garin tsingaro, Almu. In wannan ya fashe, ba sauran abin da ya rage na randar. Ruwan da ke cikin yumɓu na ce ya fito bai shirya ba, ya nuna mini iyakata. Wannan karon zan jira shi."

Ta jira kuwa, kuma jiran ya fi mata dakan wuya. Ta koma ta ba Laraba haƙuri, abin da na tabbata bai zo mata da sauƙi ba. Aka gina na biyu da ragowar garin. Daso ta hana kanta zuwa ƙauyen, don ta san in ta je bakinta ba zai yi shiru ba. Ta ƙara yawan dahuwa, tana tashi tun assalatu, Morenike na taya ta sheƙa, matan itace kuma da suka ji abin da ya faru suka fara jefa mata ice ɗaya-ɗaya a ƙofar gida in za su wuce. Laraba ta bar tulun a inuwa har ya yi fari, ta fito da shi rana, sannan ta kife shi a kan ɗan garwashi ya sha ɗumi, sai da ta tabbata ba sauran laima ta sa shi a wuta. Ya fito ja, lafiya lau, in ka ƙwanƙwasa yana amsawa.

Maza huɗu suka kawo shi a kan ƙyauren kara. Aka ɗora shi a kan duwatsu a gindin ceɗiya, inda iska ke ratsawa, aka ɗauraye cikinsa da tafasasshen ruwa, aka cika shi da dafaffen ruwa da aka sheƙa, aka rufe. Daso ta ajiye tukunyar ruwan zafi a gefe don tsoma ƙoƙuna bayan kowane mai sha. Da gari ya waye na buɗe shago na hango jikin tulun ya yi duhu da laima tun daga wuya har gindi. Malam Tanimu ya zo ya duba murfi, ya duba bututu, ya cika alkawari ya sha. Ya ce, "Inna, wannan ya yi." Ta ce ba shi take jira ba.

Rana ta take, kwalta na yin ƙyalli, sai ga matan itace sun ɓullo a jere. Suka rage tafiya, suka dubi tulun, suka dubi hanyar kogi. A bayansu akwai wata da ba ta ɗauko itace ba, yarinya ta riƙo, 'yar kamar shekara bakwai, sun fito daga asibiti. Yarinyar ta rame, leɓɓanta sun bushe, tana jan ƙafa. Ita ce ta saki hannun uwarta ta nufo inuwa, ta tsaya gaban Daso ta ce, "Ruwa."

Daso ta zare toshiyar, ruwa ya zubo cikin ƙoƙo. Ta miƙa mata. Yarinyar ta kama da hannu biyu ta kafa kai, muna jin saukarsa a maƙogwaronta, ba ta ɗago ba sai da ta shanye. Ta sauke numfashi, ta miƙa ƙoƙon ta ce, "Ƙara."

Uwar ta ce wani abu da Gwaranci, alamar ya isa haka. Daso ta ɗaga mata hannu. Ta durƙusa har kanta ya yi daidai da na yarinyar, ta sake cika ƙoƙon, ta riƙe mata shi a baki da kanta. A bayansu matan suka fara sauke itace daga kafaɗa, kowace tana kwance ƙwaryarta.

"Sha, 'yata," in ji Daso. "Sha har ki ƙoshi. Akwai."